LAMBA GUDA TA HALLAKA ROKAR TURAI

Ran 4 ga watan Yuni na shekarar 1996 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba sabuwar rokarta, Ariane 5, daga Kourou a ƙasar Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu. Tana ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu na binciken kimiyya. Bayan daƙiƙa kamar 40 sai ta karkace, ta kakkarye, ta kama da wuta, tarkacenta ya zubo cikin fadamu. Ba a yi hasarar rai ba, amma aikin shekara da shekaru ya tafi a banza.

Mai karatu zai zaci inji ne ya lalace. Ko kusa. Kwamitin bincike wanda Farfesa Jacques-Louis Lions ya shugabanta ya gano cewa lamba guda ce ta fi ƙarfin ma'ajin da aka tanadar mata a cikin kwamfutar rokar.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta aiki sai da umarni, umarnin kuwa da harsuna na musamman ake rubuta shi. Waɗansu harsunan suna da sassauci, kamar wanda ake kira C. Waɗansu kuwa masu tsanani ne, kamar Pascal na Niklaus Wirth, wanda ya fito a 1970, da Ada wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sa aka ƙago. Da Ada ɗin nan aka rubuta umarnin rokar.

Harshe mai tsanani yana da dokoki biyu da ya kamata mu sani. Ta farko ita ce iyakar jeri. A ce mutum yana da rumfa goma a jere a kasuwa, ya aiki yaro ya ajiye kaya a ta sha ɗaya. A harshen C yaron zai tafi ya jibge kayan a rumfar maƙwabci ba tambaya. A Ada kuwa sai ya tsaya ya ce babu wannan rumfa.

Ta biyu ita ce dokar iri. Lamba cikakkiya, kamar shanu bakwai, dabam take da mai gutsure, kamar yadi biyu da rabi. Ada ba ya yarda a gauraya su sai mai rubutu ya faɗa a fili cewa juyawa yake so. Ko ya faɗa ma, in lambar ta fi ƙarfin sabon ma'ajin, sai a tsai da aiki a yi ƙara. Kowane mai awo ya san ba a juye buhu cikin mudu.

To, a nan ne rokar ta gamu da ajalinta. An juya wata lamba mai gutsure da ta danganci gudun rokar a kwance, daga ma'aji mai gurbi 64 zuwa mai gurbi 16, wanda iyakar abin da yake ɗauka 32,767 ne. Daga tsohuwar roka, Ariane 4, aka kwaso wannan umarni, a can kuwa lambar ba ta kai haka, saboda haka ba a shirya abin da za a yi in ta zarce ba. Amma sabuwar ta fi tsohuwar saurin ɗaukar gudu nesa ba kusa ba. Da lambar ta cika ta batse, sai kwamfutar da ke nuna hanya ta tsaya. Ta ko-ta-kwana ma ta riga ta tsaya, domin umarninsu ɗaya ne. Babbar kwamfuta ta ɗauki saƙon ƙararsu a kan bayanin hanya ne, ta murɗe bakin injuna har ƙarshe. Abin takaici, lissafin nan ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa.

Watau dai ba a rasa mai tsawatarwa ba, tanadin amsa masa aka rasa. Mutane ne suka ɗauka mudun da ya isa jiya zai isa yau. An gyara, aka sake ƙera taurarin aka harba su a 2000, Ariane 5 kuma ta ci gaba da aiki har 2023.