Idan Ɗori Ya Ɓaci, Wa Ke Biyan Diyya?

Garin Jere, cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, yana bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma duk garin da ke bakin titi irin wannan ya san karaya, ta mota da ta babur. Wanda ya karye, ko a kai shi asibiti ko wurin mai ɗori, kuma galibi ƙashin yakan kama. Amma idan aka matse ɗauri a kan gaɓar da ke kumbura, ko da kara ko da filastar asibiti, jini yakan tsaya, nama ya mutu, har ta kai ga yankewa a manyan asibitoci irin na ƙashi da ke Dala, Kano.

To, wa zai biya? Kotu ba ta ba da diyya don kawai an rasa ƙafa. Sai mai ƙara ya tabbatar cewa mai maganin ya kauce wa abin da ƙwararren ɗan'uwansa zai yi, kuma wannan sakacin ne ya jawo asarar. A 2006 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar wata mata da allura ta karye a cikinta wajen tiyata a Benin, domin ba ta kawo hujjar sakaci ba. Wato shaidar wani likita ita ce ƙashin bayan irin wannan shari'a.

Majalisar Likitoci ta Nijeriya tana da kotun ladabtarwa mai ikon dakatar da likita ko soke sunansa, amma diyya sai Babbar Kotu. Mai ɗori ba ya ƙarƙashin majalisar, duk da haka ana iya kai shi ƙara, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da cewa wanda ya yi magani ba da sani ba, lamuni yana kansa.

Akwai kuma batun lokaci. Dokar kare ma'aikatan gwamnati kan ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, saboda haka mai jinkiri yana iya rasa haƙƙinsa.

Jama'a, a adana hoton ƙashi da katin asibiti da rasit. Idan yatsu suka yi sanyi ko baƙi, ko zafi ya tsananta, a garzaya asibiti nan take, domin Dokar Lafiya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Diyya komai yawanta ba ta mayar da ƙafa.