Shirin Musamman: Takin Zamani da Ruɓewar Kara a Gona

Karan masara da na dawa da ke kwance a gonakin Wuro Patuji da bakin kogin Yedzaram a Mubi bayan kaka, su ne abincin ƙasa. Gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani ke ruɓar da su, har su koma baƙin laushin nan da masana ke kira kabon na ƙasa, mai riƙe danshi da taki. A yawancin gonakin Arewa, wannan kabon bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Saurin ruɓewa ya dogara ne da sinadarin naitirojin. Karan masara na ɗauke da kabon kusan kashi 60 ga kowane kashi 1 na naitirojin, alhali halittun na buƙatar kusan 24 ga 1. Don cike giɓin, sai su janyo naitirojin daga ƙasa, shuka ta yi ɗorawa a farkon damina. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa na ruɓewa da wuri, domin naitirojin ɗinsu ya fi yawa.

Takin zamani na cike wannan giɓi, amma kowanne da halinsa. Yuriya na da naitirojin kashi 46 cikin 100, tana kuma gaggauta ruɓewa. Sai dai in aka watsa ta a kan kara ba a binne ba, wani ɓangare nata na bin iska. Salfa na da kashi 21, kuma ta fi saurin sa ƙasa tsami, abin da ke rage kuzarin halittun. Kamfa, wato NPK, na ƙara wa shuka wasu sinadarai biyu, saiwa ta yalwata, kara ya yawaita.

Gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya a shekarar 1950 ya nuna cewa gonar da ta dogara ga takin zamani kaɗai shekara da shekaru na yin tsami, kabon ɗinta ya ragu, yayin da wadda aka haɗa mata da kashin shanu ta fi riƙe ƙarfinta.

Mubi gari ne na babbar kasuwar shanu, saboda haka takin gargajiya na kusa. Jama'a masu sauraro, a bar ƙona kara, a binne yuriya cikin danshi, a haɗa ta da kashin dabbobi, a riƙa juya masara da wake ko gyaɗa. Allah ya ba mu damina mai albarka.