Gidajen abincin 'yan Jamaika a Greensboro: Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Birnin Greensboro da ke Jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka ya daɗe da zama gida ga 'yan Afirka ta Yamma, musamman 'yan Jamhuriyar Nijar da suka fara kafa zango a can tun shekarun 1990. Sai dai yanayin aiki a wannan ƙasa ba ya barin magidanci ko uwargida su hura wuta kullum, don haka sayen abinci a waje ya zama dole. Daga cikin wuraren da suka fi dacewa da harshen Bahaushe akwai ƙananan gidajen abincin 'yan Jamaika, irin waɗanda ake zuba wa mutum a roba ya tafi da abinsa gida.

Dalilin wannan dacewa a tarihi yake. Mafi yawan mutanen tsibirin Jamaika jikokin bayin da aka kwasa ne daga Afirka, kuma girkinsu bai manta asalinsa ba. Shinkafa da wakensu 'yar'uwar garau-garau ce, illa dai su da jan wake da madarar kwakwa suke dafawa. Abin shan da suke kira sorrel zoɓo ne da citta. Ganyen callaloo kuwa dangin alayyafo ne. Barkonon da suke ji da shi, Scotch bonnet, kusan attaruhunmu ne a ƙamshi da zafi. Sai naman akuya mai kori, wanda ya shigo ta hannun leburorin Indiya da Turawan Ingila suka fara kai wa tsibirin a 1845.

Hatta abincin da suke ɗauka na ƙasa, wato ackee da busasshen kifi mai gishiri, daga yankinmu bishiyarsa ta fito. Ita ce Hausawa ke kira gwanja-kusa, sunan da ke tuna fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Ɗanyen 'ya'yanta da bai buɗe da kansa ba yana da guba, shi ya sa Amurka ta hana shigo da shi a 1973, sai a shekarar 2000 aka sassauta ga kamfanonin da hukuma ta tantance. Na gwangwani ne galibi ake girkawa a gidajen abincin Amurka.

Yadda ake gane mai kyau

Abincin da ya fi suna shi ne gasasshiyar kazar da ake kira jerk. Salon gashin ya samo asali daga bayin da suka gudu cikin duwatsun Jamaika suka ƙi komawa bauta. Ana jiƙa naman da attaruhu da albasa mai lawashi da tayim da wani kayan ƙamshi mai suna pimento, wanda ƙamshinsa ke kama da haɗin kanumfari da kirfa, sannan a gasa a hankali kan garwashi. Duk wanda ya san balangu ya san cewa hayaƙi ne rabin daɗin. Idan kaza ta zo fara fat a ciki, an kwarara mata miya mai zaƙi a sama, to a tanda aka dafa ta aka yi mata kwalliya.

Wutsiyar sa, wadda suke kira oxtail, tana bukatar sa'o'i a kan wuta. Mai kyau tana rabuwa da ƙashi da cokali kawai, romonta kuma mai kauri ne. Tana cikin mafi tsada a jerin abincin, don haka ya kamata mai saye ya buɗe robarsa tun yana gaban kanta, ya ga ko nama aka ba shi ko ƙashi da shinkafa.

Irin waɗannan gidaje sukan yi girki da safe su jera a faranta masu ɗumi. Ƙa'idar jihar ita ce abinci mai zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 135 a ma'aunin Amurka, wato kimanin 57 a ma'aunin da muka saba. Da rana tsaka abincin ya fi zama sabo, da yamma kuwa wani ya ƙare, wani ya bushe. Haka nan jami'an lafiya na Gundumar Guilford, inda Greensboro take, suna duba gidajen abinci su ba da maki, kuma doka ta wajabta a manna katin inda kowa zai gani. Maki 90 zuwa sama shi ne A, daga 80 B, daga 70 C, wanda ya gaza 70 kuwa ana ƙwace masa izinin sayar da abinci. Duba wannan kati ba ya cin minti ɗaya.

Tambayar da ba a jin kunyarta

Ga Musulmi akwai ƙarin abin lura. Naman alade na cikin girkin Jamaika: ana gasa shi irin gashin kazar, wani lokaci a kan waya ɗaya. Faten waken da ake kira stew peas galibi da wutsiyar alade ake yi, wasu ma sukan jefa ta cikin shinkafa da wake don ɗanɗano. Zoɓon da ake haɗawa lokacin Kirsimeti sau da yawa ana zuba masa barasa, haka ma baƙin kek ɗinsu. Wanda ke neman yankan Musulmi sai ya tambayi inda ake sayo naman.

A nan ake gane mai sayarwa na ƙwarai. Wanda ya tsaya ya saurara, ya shiga kicin ya tambayi mai girki, ya dawo ya faɗi gaskiya ko da zai rasa cinikin ranar, ya cancanci a koma wurinsa a kuma kai masa baƙi. Wanda ya ɗaure fuska ya ce babu komai alhali bai duba ba, to daɗin miyarsa ba zai wanke shi ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Yawancin waɗannan wurare na iyali ne, mutum biyu ko uku ke girki da zubawa da karɓar kuɗi da amsa waya. Jinkirin minti 20 lokacin cunkoso ba wulaƙanci ba ne. Mai hikima yakan buga waya ya yi oda kafin ya taso, ya yi gaisuwa in ya iso, ya kuma kai kokensa ga mai gidan cikin mutunci idan an yi masa ba daidai ba.

Birnin da kanta ta kafa tarihi

Batun kula da mai saye ba ƙaramin abu ba ne a Greensboro. Ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai baƙar fata huɗu na kwalejin A&T, wato Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a kantar cin abinci ta shagon Woolworth suka nemi kofi, aka hana su saboda launin fata, su kuma suka ƙi tashi. Zaman dirshan ya bazu zuwa garuruwan kudancin Amurka, har ranar 25 ga Yulin shekarar shagon ya fara sayar wa kowa. Tun 2010 ginin da ke titin South Elm ya koma gidan tarihin fafutukar 'yancin baƙar fata.

Albarkacin wannan gwagwarmaya ce ta sa yau ɗan Jamaika ke tsaye bayan kantarsa, ɗan Maraɗi ko ɗan Kano na gabanta da kuɗinsa. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne mai sayarwa ya faɗi abin da ke cikin tukunya, mai saye kuma ya duba kati, ya yi tambaya, ya buɗe roba kafin ya kama hanya.