Gishiri, Kanwa da Zuciyar Dattijo

A yawancin gidajenmu dattijo ba ya zaɓar abin da zai ci. Abin da matar gida ko suruka ko jika ta zubo masa a kwano, shi zai sa wa hannu. Saboda haka idan likita ya ce Baba ko Inna su rage gishiri da maiƙo, da mai riƙe da ludayi yake magana, ita kuwa sau da yawa tana gida lokacin da aka yi maganar. Tsoho ya dawo daga asibiti da ƙwayoyi a aljihu, ya ce an hana shi gishiri, a kiyaye na kwana biyu, a na uku a koma gidan jiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da na karin kumallo da na rana da na dare. Dalili shi ne sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara yawa, zuciya ta ƙara ƙarfin turawa. Matashi ƙodarsa na iya tace rarar. Wanda ya haura sittin kuwa ƙodar ta rage kuzari, jijiyoyin jini sun yi tauri, don haka miyar da jika zai sha lafiya lau ita ce za ta ɗaga awon jinin kakansa ya wuce 140 bisa 90. A rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ta ce mutum ɗaya cikin kowane baligai uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Cuta ce mai tafiyar ruwa, sai ta shanye ɓarin jiki ko ta kumbura zuciya ake farga.

Sai dai gishirin da ake barbaɗawa da hannu shi ne mai sauƙin kamawa. Za ka ji uwargida ta ce, "Ai Baba ba ya cin gishiri yanzu, dunƙule kawai nake sa masa." Ƙaramin dunƙule mai nauyin giram 4 kusan rabinsa gishiri ne. Wadda ta cire gishiri ta ƙara dunƙule biyu don cike gurbi ba ta rage komai ba. Ga farin magi, ga garin yajin da aka daka da dunƙule ana barbaɗawa a kan ɗanwake da shinkafa da wake, ga tsire da kilishin da 'ya'ya ke riƙo wa iyaye da daddare don neman albarka, ga burodi, ga kifin gwangwani, ga ƙullin kayan ɗanɗanon da ke cikin taliyar 'yan yara wadda yanzu tsofaffi ma ake dafa wa saboda taushinta. Kowannensu da nasa kason.

Kanwa ita ce aka fi mantawa, don ba a ɗauke ta a gishiri ba. Ita ma sodiyam ce ke cikinta jingim. Muna jefa ta a wake ya yi saurin nuna, a miyar kuka da ta kuɓewa su yi yauƙi, a ɗanwake, a yakuwa a kashe tsami, wasu dattawan har jiƙa ta suke su sha wai don ciki. Tun a shekarun 1970 likitocin da suka yi aiki a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka alaƙanta abin da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Waɗannan mata ne masu jini a jika. Abin da ya iya nauyaya zuciyarsu, ina ga ta ɗan shekara saba'in? Waken da aka jiƙa tun daren jiya yana nuna ba tare da kanwa ba, kuma ya fi kwanciya a ciki.

Akwai wani abin da ke haddasa rigima a gida. Ɗanɗano yana dusashewa da tsufa, shi ya sa Alhaji zai ture kwano ya ce miyar lami ce alhali kowa ya ji gishiri. Ba rikicin tsufa ba ne, harshen ne ya ja baya. Kuskuren da aka fi yi a nan, a ganina, shi ne a ware masa tukunya ta daban, fara fat, salaf, sauran 'yan gida na lasar baki a gabansa. Sai ya daina ci, ya rame, ƙarfi ya tafi, ko ya aiki jika a ɓoye ta ɗebo masa gishiri a takarda. Ramar tsoho ma hatsari ce babba. Abin da ya fi aiki shi ne a rage na tukunyar gida baki ɗaya, kaɗan-kaɗan: mai sa dunƙule biyar ta koma huɗu, bayan mako biyu ta koma uku. Cikin 'yan makonni harshe yake sabawa. A maye gurbin da abin da kakanninmu suka sani kafin zuwan dunƙule: daddawar kalwa, albasa da yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kanumfari, garin busasshen kifi, da ɗan tsamin tsamiya ko lemon tsami. Kuma a ɗauke gishiri daga gefen faifai.

Sai maiƙo. Mun ɗauki man da ke yawo a saman miya alamar girmamawa, ana tsiyaya wa tsoho man shanu a tuwo don a nuna ana ji da shi. Man shanu da kitsen nama da man ja suna da irin kitsen da ke ɗaga kolestarol mai toshe hanyoyin jini. Man ja kusan rabinsa irin wannan ne. Man gyaɗa da na waken suya sun fi sauƙi, amma su ma a auna da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Man da aka soya ƙosai da shi jiya da shekaranjiya har ya yi baƙi, a zubar.

Abincin da zuciya ke so ba sai an je kantin zamani ba. Gero, dawa, acha, masarar da ba a surfe ta ƙwal ba, duk sun fi farar shinkafa da fulawa, saboda dusar da muke ba awaki ita ke taimakawa wajen rage kitse da daidaita sukari. Wake, gurjiya, alala, faten wake. Zogale, rama, alayyafo, lansir, kabewa, yalo, da gwanda ko goba ko lemo idan lokacinsu ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. Kifi sau biyu a mako ya fi jan nama kullum. Wanda haƙoransa suka zube, a daka masa ganyen ko a yanka shi ƙanana a cikin fate, a dafa ya yi laushi, maimakon a bar shi da koko da burodi safe da yamma. A kuma riƙa miƙa masa ruwa, don jin ƙishirwa ma yana raguwa da shekaru, musamman da bazara, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa.

Sukari kuwa iyakar da aka ba baligi kimanin ƙananan cokula 12 ne a yini, shida ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye takwas. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, amma ba wanda aka cika wa sukari ba, kuma ba ya zama madadin ƙwayar asibiti. Da yawa sun ajiye magani saboda zoɓo da tafarnuwa, suka wayi gari baki ya karkace.

Ba kowace shawara ce ta dace da kowa ba. Mai ciwon ƙoda, da mai shan irin su lisinopril ko spironolactone, ya tambayi likita kafin ya yawaita ayaba, dabino da wake, ko ya sayi gishirin da ake ce wa na masu hawan jini, saboda fotasiyam na iya taruwa a jininsa ya rikita bugun zuciya. Ƙwayoyin ciwon gwiwa da ake saye a kemis kamar diclofenac da ibuprofen suna riƙe gishiri da ruwa su ɗaga jini, ga shi tsofaffinmu suna haɗiyar su kamar gyaɗa. Idan ƙafafu suka fara kumbura, ko dattijo yana haki daga ɗaki zuwa masallaci, ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.