Tsiron Tukunya In Ya Yi Yaushi

A Jega da Maiyama akwai masu renon ɗan tsiro cikin tukunya, mangwaro ko lemo, kafin damina ta zo su dasa shi. Wata rana sai ka ga ganyensa ya koma rawaya, yana zuba. Ka ce ƙishirwa ce, ka ɗauko buta. A'a, dakata tukuna.

Sau da yawa ruwan ne ya yi masa yawa. Saiwa ma tana bukatar iska, kamar mutum. In ruwa ya kwanta cikin tukunya, iska ba ta kai mata, sai ta ruɓe. Tambayi manoman albasa na Aliero, sun san ɓarnar da kwantaccen ruwa ke yi wa shuka.

Sa yatsanka cikin ƙasar. In ka ji danshi, bar shi sai gobe. Duba gindin tukunyar. In ba ta da huda, huda ta, don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Kada ka ajiye shi a ƙuryar ɗaki, yana son haske. Kai shi bakin ƙofa, inda hantsi ke bugawa. Da hunturu ka wanke masa ƙurar ganye. Ka kuma ɗaure akuyarka.