Wasan Kwaikwayo A Damargu: Ina Kundin Tunawa Da 'Yan Wasanmu?

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Tanut cikin shekarun 1980 ba zai manta da daren wasan kwaikwayo ba. Da an idar da sallar isha'i sai a nufi dandalin samariya, yara a gaba kan tabarmi, ana ɗokin ganin wanda zai fito a mai gari da wanda zai fito a boka.

Harkar ta samu gindin zama ne bayan hawan Seyni Kountché mulki a 1974, lokacin da aka farfaɗo da ƙungiyoyin samariya. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen Nijar. Kafin ƙungiya ta kai can sai an tankaɗe an rairaye tun daga gundumomi, kowa na fatan ya kamo ƙafar su Yazi Dogo na gidan rediyon Damagaram.

To amma ina shaidar wannan zamani? A Amurka, a 1945 aka fara buga kundin shekara-shekara mai suna Theatre World, ɗauke da hotuna da sunayen 'yan wasan kowace kaka, masoya na adana shi tamkar gado. Mu kuwa wasanninmu ba a rubuce suke ba. Akan tsara labari ne da baki, kowane ɗan wasa ya zubo kalamansa nan take. Da an watse, shi ke nan.

Abin da ya rage mana shi ne 'yan hotuna da suka koɗe a gindin akwati, da kaset ɗin da rairayi ya cinye. Littafin da Janet Beik ta wallafa a 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar da Ingilishi yake, ƙalilan ne cikinmu za su iya karanta shi.

Dattawan da suka hau dandali a Tanut da Belbeji suna ta raguwa. Ya kamata malaman makaranta da gidajen rediyon karkara su zauna da su, a rubuta sunan kowane wasa, shekararsa da waɗanda suka fito ciki, a haɗa da hotunan da suka tsira. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su ɗauka ba a taɓa yi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.