Zafi, Ƙura da Wuta: Hidimar Mai Haɗa Kwamfuta da Hannunsa

Kwamfutar tebur taron sassa ce waɗanda kamfanoni daban-daban ke ƙerawa, kuma wannan ne ya ba masu sha'awa damar sayen kowane sashe da kansu su harhaɗa su a gida da sukuddireba guda. Al'adar ta samo ƙarfi ne a shekarar 1981, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa da sassan da ake samu a kasuwa, ya ɗauko furosesa daga Intel da manhajar sarrafawa daga Microsoft, har wasu kamfanoni suka iya kwaikwayonta. A 1995 Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya ƙayyade girman babban allo da wuraren ƙusoshinsa da hanyar shigar wuta, ta yadda allon wannan kamfani zai zauna daram a akwatin wancan.

Babban allo shi ne faifan da ake dasa kowane sashe a kansa, furosesa kuwa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, yayin da RAM ke riƙe aikin da ake kai na ɗan lokaci, ya kuma saki komai da zarar an kashe wuta. Jarrabawar farko ga mai wannan sha'awa tana zuwa ne sa'ad da ya danna maɓalli, fanka ta juya, amma fuskar kwamfutar ta ƙi nuna komai. A nan yake koyon cewa gaggawa aikin shaiɗan ce, domin hanyar gano matsala ita ce a taɓa abu ɗaya a gwada kafin a koma kan na biyu. Sau da yawa laifin bai wuce sandar RAM da ba ta zauna sosai a raminta ba, sai a zare ta, a goge haƙoranta masu launin zinariya da robar goge fensir, a mayar da ita har sai maƙallan gefe sun ce ƙas. Idan kuma agogon kwamfutar yana komawa baya kullum, to wani ɗan batiri mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, shi ne ya ƙare.

Bayan haɗawa sai kulawar yau da kullum, wadda mafi yawanta yaƙi ne da zafi. Tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafinta akwai ƙananan gurabe da ido ba ya gani, shi ya sa ake ɗiga wani man shafawa mai ruwan toka, gwargwadon ƙwayar wake, domin ya cike su. Idan man ya bushe bayan shekaru, zafin yakan haura kusa da digiri 100, furosesa ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, mai ita kuma ya ga aiki yana jan ƙafa ba tare da wani dalili bayyananne ba. Lamarin ya fi tsanani a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Hunturu kuwa da nasa salon yake zuwa, domin ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana bi ta fanka ta kwanta a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya har ta zama kamar auduga. Masu ƙwarewa sukan buɗe akwatin su kakkaɓe ta da buroshi mai laushi da abin hura iska, suna riƙe da fankar don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Bushewar iskar tana kuma tara wani ɗan lantarki a jikin mutum, wanda ya isa ya kashe sashe mai tsada, saboda haka akan fara taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki.

Abokin gaba na uku shi ne wutar da ba ta tsayawa a kan bolt 230 da aka tsara, ga ɗaukewa ba sallama, ga hawa da saukar janareta. Tsohon faifan ajiya, wanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, yana iya lalacewa idan wuta ta yanke yana tsaka da rubutu, don haka masu dabara sukan fara sayen sitabilaiza da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna har a kashe ta cikin natsuwa, kafin su kashe kuɗi a kan fitilun ado.

Yawancin sassan da ke hannun masu sha'awa a Nijeriya gwanjo ne, daga kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, inda tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP ke da araha. Sai dai wasu daga cikinsu ba su bin ma'aunin ATX, saboda haka mai saye yakan duba mahaɗin wuta da irin RAM kafin ya biya, tun da DDR3 ba ya shiga ramin DDR4. Wanda ya dace da irin wannan akwati, ya ƙara masa RAM, ya maye tsohon faifai da SSD mara sashe mai juyawa, yakan samu kwamfutar da ke tashi cikin daƙiƙoƙi, a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ba.